Wata uku da buɗe gidan yanar gizona, Google bai san da zamana ba

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman taimakon manyanmu. Wata uku ke nan da na buɗe gidan yanar gizo inda nake rubuta bayanin gyaran wayar hannu: abin da ke sa batiri ya kumbura, yadda ake ceto wayar da ta faɗa ruwa, dalilin da waya ke ƙin caji, da makamantansu. Rubutu 42 na saka, kowanne da hannuna na rubuta, hotunan ma ni na ɗauka a kan teburin aikina. Amma ko sunan gidan na rubuta a Google baki ɗayansa, ba ya fitowa. Masu shiga duk mutanen da na tura wa adireshin ne a WhatsApp. Jiya wani ya biyo ni ta saƙo ya ce matsalata ba ni da mahaɗai daga wasu gidaje, wato wasu gidajen yanar gizo su saka adireshina a shafukansu don a danna a zo wurina, wai zai sama mini guda dubu cikin mako ɗaya in hau shafin farko na Google. Maganar ta tsaya mini a rai, domin na gaji da rubuta abin da ba mai karantawa. In saya ne, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Malam Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna. Abu biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda yana cikin kundin Google amma an jefa shi can shafi na tara inda ba mai zuwa. Akwai kuma wanda ba ya cikin kundin kwata-kwata. Tunda ka ce ko sunanka ka rubuta ba ka fitowa, na fi zaton kai na biyun ne, kuma mahaɗai ko miliyan ne ba za su yi wa na biyun komai ba muddin akwai abin da ya hana shi shiga.

Google ba ya fita yawon intanet a lokacin da ka danna bincike. Tun da wuri yake aika manhajarsa mai suna Googlebot tana bin mahaɗai daga wannan shafi zuwa wancan tana kwaso abin da ta tarar. Abin da ta kwaso sai a karanta shi, a tantance, wanda aka ga ya dace a ajiye shi a kundi. Idan mutum ya yi tambaya, a cikin kundin nan ake zaƙulo amsa a jera. Wanda bai shiga kundi ba, ba a ma sako shi a lissafin jerawa.

Yi mini abu ɗaya yanzu. Shiga Google ka rubuta site: ka liƙa sunan gidanka a jikinsa ba tare da tazara ba. Ka faɗa mana abin da ka gani.

Sabon Shiga:
Malam na gwada. Sakamako ɗaya tak ya fito, adireshin shafin farko, kuma a ƙasansa babu bayani, sai wani rubutu da ke cewa babu bayani game da wannan shafi.

Malam Injiniya:
To ga inda gizo ke saƙa. Wannan alama ce ta gidan da aka rufe wa Googlebot ƙofa. Ya ji labarin adireshin a wani wuri, amma an hana shi leƙawa ciki, shi ya sa ya ajiye suna babu bayani. Rubuta adireshin gidanka a burauza, ka ƙara /robots.txt a ƙarshe, ka kwafo mana duk abin da ke ciki. Da me aka gina gidan?

Sabon Shiga:
WordPress ne, manhajar gina gidan yanar gizo, wani abokina ya haɗa mini. Layi biyu ne kawai a ciki:
User-agent: *
Disallow: /

Ɗalibar Kwamfuta:
Innalillahi. Yaya, ai layi biyun nan cewa suke yi duk wata manhajar bincike kada ta taɓa ko shafi ɗaya a gidan. Tauraron yana nufin kowa da kowa, sandar da ke bayan Disallow kuma tana nufin gidan baki ɗaya.

Malam Injiniya:
Haka ne ƙanwata. Kuma kada ka ga laifin abokinka da yawa, masu gini sukan sa wannan da gangan lokacin da aiki bai kammala ba don kada a kwashi shafukan gwaji, sai a manta a cire ranar buɗewa. Fayil ɗin nan tsoho ne, tun 1994 wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Martijn Koster, ya kawo shi, aka yi ta aiki da shi bisa fahimtar juna har sai 2022 aka mayar da shi rubutacciyar ƙa'ida. Manyan injunan bincike suna yi masa biyayya sau da ƙafa.

Amma kada ka tsaya nan. Shiga ɗakin sarrafa WordPress, wajen saituna, sashen karatu. Akwai wani ɗan akwati da ke cewa a hana injunan bincike shigar da gidan. Ina kyautata zaton shi ma an yi masa maki. Idan an yi, kowane shafinka yana ɗauke da umarnin noindex a kansa, wato ko Googlebot ya shigo, an ce masa kada ya ajiye. Ka cire duka biyun. In ka buɗe ƙofar waje ka bar wannan, wancan sakamako ɗayan da kake gani ma ɓacewa zai yi.

Sabon Shiga:
Wallahi Malam an yi masa maki. Na cire. Layin Disallow ɗin ma abokina ya goge yanzu. Jikina har rawa yake, wata uku ina rubutu a ɗaki rufe.

Malam Injiniya:
Madalla. Yanzu ka yi rajista da Google Search Console, wurin da Google ke nuna wa mai gida yadda yake ganin gidansa, kyauta ne, ka tabbatar musu gidan naka ne. WordPress tun fitowar 5.5 a 2020 yana haɗa taswirar gida, wato jerin adireshin shafukan gidan, da kansa a wp-sitemap.xml, sai dai yakan kashe ta muddin akwatin nan yana da maki, yanzu da ka cire za ta dawo. Ka miƙa adireshinta a can. Sannan ka ɗauki shafukanka mafi muhimmanci, biyar ko shida, ka sa kowanne a akwatin binciken adireshi ka nemi a shigar da shi. Kada ka yi ta maimaita roƙo a kan shafi ɗaya, ba ya ƙara sauri. Su kansu Google sun ce abin yakan ɗauki kwanaki zuwa makonni. Ka yi haka a Bing Webmaster Tools ma, takwaransa na injin binciken Bing.

Dillalin Talla:
Malam ya yi maganin ciwon yau, ban musa ba. Amma mu faɗa wa yaron nan gaskiya, shiga kundi ba shi ne cin kasuwa ba. Gobe zai shiga, ya tarar da kansa a shafi na bakwai, ƙarƙashin gidajen da suka shekara goma ana ambatonsu. Me ya ɗora su a sama? Mahaɗai. Da su aka kafa Google tun asali. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford suka fito da PageRank, wanda ke ɗaukar kowane mahaɗi tamkar ƙuri'a, kuma ƙuri'ar babban gida ta fi ta ƙarami nauyi. Da wannan dabarar suka buɗe kamfani a 1998 suka kere sauran injuna. Ni na shekara ina wannan sana'a, kuma na ga gidajen da suka sayi mahaɗai suka hau. Sabon gida ba shi da mai ambatonsa, in ya ce sai an ambace shi don Allah, zai daɗe yana jira. Mahaɗai dubu a mako ɗaya shirme ne, na yarda, amma guda goma masu kyau daga gidaje masu daraja, me ye laifinsu?

Hajiya Mai Alƙalami:
Ɗana Sabon Shiga, na shiga gidan naka na karanta rubutu huɗu kafin in ce komai. Zan dawo kansu.

Alhaji Dillali, laifinsu shi ne Google ya rubuta baƙi da fari cewa sayen mahaɗi don hawa matsayi saɓa ƙa'ida ne, goma ne ko dubu. Wanda aka biya don ya saka mahaɗi, wajibi ne ya yi masa alamar sponsored ko nofollow, mai gaya wa Google kada ya ƙirga shi a matsayin ƙuri'a, kuma da zarar an yi alamar, abin da mai sayen yake nema ya tafi. Ka ce ka ga waɗanda suka hau. Ni na ga waɗanda suka sauko. A watan Afrilun 2012 da Google ya saki Penguin, sabuntawar da ke kama gidaje masu mahaɗan bogi, ina rubuta wa wani gida da ya dogara da sayayyun mahaɗai. Da safe muka buɗe alƙaluma muka ga layin maziyarta ya faɗo kamar an yanke igiya. Mai gidan ya shafe watanni yana aika wa mutanen da ya biya wasiƙa yana roƙonsu su cire abin da ya saya, wasu har sai da ya sake biyansu kafin su cire. Marubuta shida muke, huɗu aka sallama. Ban taɓa mantawa da wannan ba, shi ya sa ba na iya yin shiru in na ga ana nuna wa yaro wannan hanya.

Kuma ba ƙanana kaɗai abin ya ci ba. A 2006 an cire gidan BMW na Jamus daga kundin na ɗan lokaci saboda shafukan yaudara, waɗanda ke nuna wa injin abu ɗaya su nuna wa mutum wani. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J.C. Penney na Amurka yake saman jeri a kalmomi barkatai da taimakon mahaɗan bogi, Google ya tunkuɗa shi ƙasa. Su suna da ƙarfin da za su miƙe. Mai rubutu 42 fa?

Dillalin Talla:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, labarin 2012 kike ba mu. Tun 2016 Penguin ya canza hali, yanzu galibi watsi yake da mahaɗin banza maimakon ya hukunta gidan. To ina hatsarin?

Malam Injiniya:
Alhaji, ka duba maganarka da kyau, ai hujjar Hajiya ka ƙarfafa. Idan an yi watsi da mahaɗin, mai saye ya zuba kuɗinsa a rijiya. Idan ba a yi watsi ba aka kama shi, akwai hukuncin da ma'aikatan Google ke yi da hannu, wanda ke zuwa a rubuce cikin Search Console, kuma yana nan har yau. A Disambar 2022 ma sun sake fito da wani sabuntawa da ke amfani da SpamBrain, tsarinsu na tace shara, don gano masu saye da masu sayarwa, kuma sun ce duk tagomashin da aka samu ta wannan hanya in ya zube ba ya dawowa. Ka ga ko asara, ko asara da hukunci.

Inda nake tare da kai shi ne mahaɗai suna da nauyi har gobe. Wanda ya ce ba su da amfani bai faɗi daidai ba. Da su ma Googlebot yake gano sababbin shafuka tun farko. Rigimarmu a kan yadda ake samunsu ne.

Wani abu kuma, masu sayarwa suna yawan cewa gidansu yana da makin ƙarfin gida da ake kira DA 60 ko 70. Wannan maki na kamfanin Moz ne, hasashensu ne, Google ba ya aiki da shi. Makin PageRank da Google ke nunawa a fili tun 2016 aka daina nuna shi. Kuma makin DA ana iya kumbura shi da mahaɗan bogi, a sayar wa wanda bai sani ba.

Ɗalibar Kwamfuta:
Malam ina da tambaya a gefe, a yi mini afuwa. Idan ina da shafin da ba na so ya fito a bincike, kamar shafin godiya bayan an cike fom, in sa shi a robots.txt ne ko in sa masa noindex? Na ga wasu suna yin duka biyu.

Malam Injiniya:
Noindex kaɗai. Masu yin duka biyu suna warware aikinsu da hannunsu, domin umarnin noindex a cikin shafin yake, kuma in kin hana Googlebot shiga, ta ina zai karanta shi? Abin da muka gani a gidan Sabon Shiga ke nan, adireshi ya fito tsirara duk da noindex ɗin da ke ciki. Abin da yake sirri na gaske kuwa, kalmar sirri ake sa masa, don robots.txt kowa na iya buɗewa ya karanta.

Hajiya Mai Alƙalami:
To ɗana, bari in dawo kan rubutunka, don a nan aikin yake bayan an buɗe ƙofa.

Na karanta wanda ka yi a kan wayar da ta faɗa ruwa. Akwai ilimi a ciki wanda ba a samu sai wurin wanda ya buɗe waya da hannunsa. Wurin da ka nuna hoton farin tabon da ruwa ke bari a jikin allon ciki, ka ce kada a danna maɓallin kunnawa ko a sa ta a caji don a nan ne wuta ke haɗuwa ta ƙone, wannan shi ne zinariyar rubutun. Amma ka san a ina na same shi? A sakin layi na shida. Biyar ɗin farko tarihin wayar hannu ne da muhimmancinta ga rayuwar ɗan'adam. Ka tuna wanda zai nemi wannan rubutu. Mutum ne tsaye, wayarsa na ɗigar ruwa a hannu, ya ari ta wani yana bincike hankalinsa a tashe. Ba zai kai sakin layi na shida ba. Zai koma baya ya danna na ƙasa da kai. Ka ɗauko abin da zai yi a minti na farko ka sa a layin farko, bayani ya biyo baya.

Na biyu, kanun rubutun. Ka sa masa "Darasi na 14". Ba wanda ke shiga Google ya rubuta darasi na 14. Abin da mutum ke rubutawa shi ne wayata ta faɗa ruwa me zan yi. Kanun shi ne abin da ake fara gani a jerin sakamako, kuma yana cikin abin da injin ke dubawa ya gane batun shafi. Ka rubuta shi da kalmomin mai matsalar.

Na uku, na lura a rubutun batiri ka maimaita "gyaran batirin waya" har na daina ƙirgawa, a wuraren da jimlar ba ta buƙata. Na san wani ne ya gaya maka haka ake yi. An yi wannan zamanin ya wuce. Tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya kallon ɓoyayyen akwatin kalmomin da ake cusawa a kan shafi. A 2013 ya kawo tsarin Hummingbird, a 2015 RankBrain, a 2019 BERT, duk don ya fahimci abin da mutum yake nufi ko da kalmominsa ba su zo daidai da naka ba. Su da kansu sun ce kashi 15 cikin ɗari na tambayoyin da ake yi musu kullum ba su taɓa ganinsu ba. To wace kalma za ka maimaita ka kama waɗannan? Sai dai ka yi bayanin abin sosai yadda duk ta inda aka ɓullo za a same ka. Cusa kalma kuwa yana cikin jerin abin da suke ɗauka a matsayin shara.

Kuma kada wani ya ce maka sai rubutu ya kai kalma dubu biyu. Google ya ce ba shi da adadin da ya fi so. Rubutunka na caji kalma ɗari uku zai wadatar, kada ka ja shi.

Sabon Shiga:
Hajiya na gode, Allah ya saka da alheri. Gabatarwar nan dama don in tsawaita nake yinta, an ce mini gajeren rubutu ba ya hawa. Zan zauna in gyara su ɗaya bayan ɗaya. In na canza kanun, adireshin shafin ma in canza?

Malam Injiniya:
Yanzu da ba a shigar da su ba, wannan ne lokacin da ya fi sauƙi, ka gyara sau ɗaya ka bar shi. Amma tunda ka riga ka rarraba tsofaffin a WhatsApp, ka sa juyawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai shiga sabon adireshi kai tsaye, daga kowane tsoho zuwa sabonsa, don kada mutane su tarar da 404, saƙon da ke cewa ba a sami shafi ba. Nan gaba in shafi ya kafu, kada ka taɓa adireshinsa sai da dalili mai ƙarfi.

Na buɗe gidan a wayata kuma na ga wani abu. Hoton da ke saman rubutun batiri ya haura megabait huɗu, kai tsaye daga kyamara ka ɗora. Sai da na jira ina kallon farin allo. Google yanzu da fuskar waya yake auna gida, ba ta kwamfuta ba, tun 2018 ya fara komawa haka. Ma'auninsu shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ka rage girman hotunan, ka mayar da su WebP, nau'in hoto marar nauyi, ka rubuta wa kowanne ɗan bayanin abin da ke ciki. Sauri ba zai ɗora rubutun banza a sama ba, amma mai jira yakan gaji ya tafi kafin ya ga mai kyau.

Sannan rubutunka ba sa nuna juna. Na batiri mai kumbura bai kai ni ga na caja marar kyau ba, alhali ɗaya ne ke jawo ɗaya. Waɗannan mahaɗan cikin gida a hannunka suke, ba mai sayar maka, kuma mutane sun fi sakaci da su.

Dillalin Talla:
Duk na ji, kuma shawarwari ne masu kyau. Amma bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kullum sai a ce Google ya ce, Google ya ce. Shekaru suna nuna kamar danne-dannen mutane ba su da wani tasiri a jeri. Da aka je kotu a Amurka a 2023, babban jami'insu Pandu Nayak ya yi bayanin wani tsari mai suna Navboost da ke amfani da bayanan abin da mutane suka danna na tsawon wata 13. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere a harkar bincike ba bisa ƙa'ida ba. Kamfani ne mai neman riba, kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken duniya a hannunsa yake, ba malamin makaranta ba ne. Don me zan ɗauki maganarsa kamar yankan wuƙa?

Hajiya Mai Alƙalami:
A nan kam ban raba gari da kai ba, Alhaji. Ban ce a yarda da duk abin da suka faɗa ba, kuma na san gidaje ƙanana masu rubutu na gaskiya da sabuntawar Google ta Satumbar 2023 ta kwantar, ba su saye komai ba, ba su yaudari kowa ba. Abin yana mini ciwo. Amma dubi abin da ka kawo. In har abin da mutane ke dannawa da inda suke tsayawa yana da tasiri, to wa ya ci riba? Wanda kanunsa ya faɗi gaskiya, amsarsa ke layin farko. Mahaɗin da aka saya ba ya sa mai jiƙaƙƙiyar waya ya tsaya ya karanta.

Ka tambaya ta ina sabon gida zai samu masu ambatonsa. Yaron nan yana da abin da manyan gidajen ba su da shi, wato teburin gyara da wayoyin da ke zuwa masa a lalace. In ya ɗauki hoton batiri goma da suka kumbura ya nuna abin da ya haɗa su, masu rubutu a kan waya za su nuna shi don ba su da irinsa. In ya shiga zaurukan da ake tambayar gyara ya amsa da ilimi, za a bi shi gida. A Disambar 2022 Google ya ƙara gogewa ta ido da ido a cikin abin da masu tantance ingancinsa ke dubawa. Ko ba don Google ba, abin da mai karatu ke nema ke nan. Hanyar tana da tsawo, ban ɓoye ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi. Tunatarwa kawai, an hana tallar sayar da mahaɗai a nan, na goge saƙo biyu da aka jefo. Ba da Alhaji Dillali nake ba, shi hujja yake kawowa. A ci gaba.

Ɗalibar Kwamfuta:
Hajiya, ni abin da ke damuna daban ne. Tun Mayun 2024 da Google ya fara sa amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, sau da yawa ni kaina ina karanta ta in rufe ban shiga ko'ina ba. In Yaya ya sha wahala ya hau na ɗaya, sannan aka taƙaita rubutunsa a sama mutane suka karanta suka tafi, me ya samu?

Malam Injiniya:
Tambayar da ta hana masu wannan sana'a barci ke nan, ƙanwata. Tambaya mai amsar layi ɗaya, irin batiri kaza nawa ne ƙarfinsa, wannan kam ta tafi, ba za a shigo gidanka dominta ba. Amma wanda zai buɗe bayan wayarsa da sukudireba yana so ya ga hoton kowane mataki, ya ga inda siririyar igiyar allo take don kada ya tsinke ta. Taƙaitawa ba ta isar masa. Kuma amsoshin nan daga kundin ake ɗebo su, da mahaɗai zuwa inda aka samo, don haka wanda ba ya cikin kundi nan ma babu shi. Shawarata ga Sabon Shiga ita ce duk wanda ya shigo ya ba shi dalilin dawowa kai tsaye, ko ta imel ko ta wata tasha tasa, kada ya rataya rayuwar gidan a ƙofa ɗaya.

Dillalin Talla:
Wannan ta ƙarshen na sa hannu a kanta. Sauran kuwa ina nan a kan bakana cewa ba tare da mahaɗai ba zai daɗe a ƙasa. Mu ga wata shida.

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana 12. Cikin shafuka 42, Search Console ya nuna 29 sun shiga kundi. Tara an rubuta an gano su amma ba a ziyarce su ba tukuna, huɗu kuma an ziyarta amma ba a shigar ba. Na gyara rubutu 17 yadda Hajiya ta ce, na rage hotuna duka. Na wayar da ta faɗa ruwa an nuna shi sau 60 a bincike, mutum uku sun danna, matsayinsa yana wajen 34. Mutum ukun nan ban san su ba, ban tura musu komai ba, tun jiya nake komawa ina kallon lambar. Wanda ya so sayar mini da mahaɗai ya sake yin magana na ce masa na gode. Malam, huɗun da aka ziyarta aka ƙi shigarwa fa, in sake roƙo?

Malam Injiniya:
Alhamdulillah, barka. Taran nan ka ƙyale su, layi suke bi, sai dai ka tabbata akwai mahaɗi zuwa kowannensu daga shafukan da suka riga suka shiga. Huɗun kuwa roƙo ba zai yi ba, an gan su ne ba a ga dalilin ajiyewa ba tukuna. Turo mini adireshinsu. Ina zargin uku daga ciki su ne na waya ba ta caji, waya na caji a hankali, da caji na yankewa, waɗanda na ga kusan magana ɗaya suke maimaitawa. In haka ne, haɗe su za ka yi su zama rubutu ɗaya mai ƙarfi, sauran biyun ka juya su zuwa gare shi da 301.

Hajiya Mai Alƙalami:
Barka ɗana. In ka haɗe su ka turo mini kafin ka saka, ina so in ga layin farkon.